Ranar 2 ga Afrilu ta wuce, sai kuma me?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ce wani abu kan ranakun da gwamnatoci ke keɓewa don wayar da kai game da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

A Disamban 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shawarar ƙasar Katar, ta tsayar da 2 ga Afrilu a matsayin ranar duniya, aka fara a 2008. Daga nan ƙasashe da jihohi suka bi sahu: a sa hannu a takarda, a haska gine-gine da shuɗin fitila, a ɗau hoto.

Ban raina ba. A irin wannan rana na ji wata likita a rediyo tana lissafa alamomin, kamar ɗana take kallo. Shekararsa uku lokacin, ko ka kira sunansa ba ya waiwayowa, ƙarar fanka ma sai ya toshe kunne. Yakan wuni yana jera murafen kwalba, in ka taɓa ɗaya gidan ya rikice. Da can cewa ake na sangarta shi.

Amma bara wata makaranta ta dawo min da shi bayan kwana huɗu, wai ba su da malamin da zai iya da shi. A watan Afrilun ne kuwa! Ina roƙon duk gwamnan da zai ayyana ranar nan ya haɗa da kuɗin horar da malamai da masu koyar da magana, ya kuma faɗa mana nawa aka horar kafin Afrilu ta zagayo.

Wassalam,
Wata uwa