Masu koyon gogen turawa, kar a tsallake do re mi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina koyon biyolin anan Gombe, kuma ina so in ja kunnen 'yan uwana masu koyo. Gogenmu tsirkiya ɗaya ce, biyolin kuwa huɗu gare shi, G D A E, to ranar da aka ce goga tsirkiya biyu lokaci guda nan asiri ke tonuwa, yatsa ya kauce kaɗan sai kaji sautin na rawa kamar zuma ta shiga kunne. Ni dai kullum bayan la'asar ina hawa sikel ɗin D, wato do re mi da ke farawa daga sautin D, ina sauka a hankali, ina haɗa kowane sauti da tsirkiyar A a sake, ba tare da na danne ta da yatsa ba, in ji ko ya zauna. Maƙwabciyata wai kyanwa nake shaƙewa! Ga hunturu kullum sai ya sassauta min tsirkiya.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe