Zaren roba mai garin katako yana da ƙa'idarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi wa masu injin 3D (injin da ke narka zaren roba ya buga abu mai siffa da shi) bayani kan zaren da ake haɗawa da robar PLA da garin katako, domin asarar da ake tafkawa wajen aiki da shi ta dame mu.

Ita PLA daga sitacin masara ko sukarin rake ake samo ta. A zaren da ake sayarwa, mai kaurin milimita 1.75, garin katakon yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Laima ce babbar matsala. Katako yana shan danshin iska, da zarar zaren ya shiga bakin injin, inda yake narkewa, sai ruwan ya zama tururi. Za ka ji ƙas-ƙas, ka ga ƙananan ramuka a jikin abin da ake bugawa, zaren kuma ya riƙa karyewa a hannu kamar busasshen kara. A busar da shi a digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Celsius na awa 4 zuwa 6. Kada a ƙara zafin don gaggawa, domin PLA tana yin laushi wajen digiri 60, sai zaren ya manne a kan kwarkwaronsa. Bayan an gama a rufe shi cikin mazubin da iska ba ta shiga.

Baki mai faɗin milimita 0.4 toshewa yake yi. A sa mai 0.6. Zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 190 da 210. Idan ya haura 220 garin zai fara ƙonewa, launi ya yi duhu, gawayi ya taru a ciki. Haka ma idan aka bar zaren a baki mai zafi injin na tsaye, don haka a wanke bakin ta hanyar tura zallar PLA ta cikinsa kafin a kashe.

Wasu suna zaton garin yana ƙara ƙarfi. Rage shi yake yi, saboda katakon da robar ba sa kama juna sosai. Zaren ya dace da kayan ado da samfurin gini, yana karɓar sanfefa da fenti, amma kada a ɗora masa nauyi, kuma a motar da aka rufe cikin rana lanƙwashewa zai yi.

Masu talla kan ce yana ruɓewa da kansa. Muna so a gyara wannan: sai a masana'antar takin da zafinta ya kai digiri 58 tare da danshi. Idan aka yar da shi a ƙasa, shekaru zai yi yana nan.

Naku,
Wasu masu aiki da injin 3D