Abba, Ka Koma Wurin Likita

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Hajara ta faɗa mini abin da ka ɓoye mini. Tun ranar da hoton ciki ya nuna ɗan ƙari a hantarka ba ka ƙara taka asibiti ba, har ƙwayar tenofovir, maganin ciwon hantarka na hepatitis B, ka ajiye, wai ka karanta a waya cewa akwai masu sankarar hanta da cutar ta ɓace musu ba magani ba aiki. Kada ka yi fushi da ita, ni na matsa mata.

Ban ce ƙarya ka karanta ba. Da kaina na je na zauna da likita. Yakan faru: ƙarin ya yi girman da jini ba ya isar sa, ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da shi, sai ya mutu a wurin. Wani kuma bayan zazzaɓi mai zafi garkuwar jikinsa ke far wa cutar. Amma mutum nawa? A 1966 wasu likitocin Amurka, Everson da Cole, suka tone bayanan shekara sittin da wani abu, na kowace irin sankara, mutum 176 kacal suka samu. A masu hanta ma akwai waɗanda ta lafa musu sannan ta dawo. Ba wanda ya isa ya kira wannan abu ya zo masa.

Kai ka riƙe wa Baffa Sani kwano ana zuƙe masa ruwan ciki, ka ga idonsa ya koma rawaya, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Shi ma jira ya yi. Hanta ba ta kuka da wuri, Abba. Ƙarin nan yana ƙarami ake iya yanke shi ko a ƙone shi, in ya bazu sai kallo. Wannan ke hana ni barci. Za ka sa in binne ƙanena in kuma binne ɗana da ciwo ɗaya? Wannan ba tawakkali ba ne, tsoro ne ka sa masa rawani! Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Na yi maka faɗa ne don ba ni da kamarka. In kuɗi ne, gonar bakin rafi tana da mai saye. Ka koma Litinin, a kuma gwada jinin Safiya da yaran. In ta sauka, a yi wa jariri allurar rigakafin hepatitis B cikin awa 24, kada a jira suna.

Innarka ba ta sani ba tukuna. Ka kira ni daga asibitin.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya.

Mahaifinka.