Wa zai tantance ɗan ta'adda a tsakiyar kasuwa?

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in sa baki a gardamar da ake ta yi a majalisun hira na Sakkwato: wai duk wanda aka ce ɗan Lakurawa ne ko mai kai wa ɓarayin daji rahoto, jininsa ya halatta ga kowa.

Mutumin Sabon Birni ko Tangaza da aka kore wa shanu, aka aza masa haraji kafin ya girbe geronsa, ba ni da bakin ce masa kada ya kare gidansa. Ko shari'a ta ba shi wannan dama. Amma tare maharin da ya shigo gari daban, janyo mutum daga rumfa saboda kamanninsa daban.

Mun ga abin da ya faru a Oktoban 2021. 'Yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa. Wata bai ƙare ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, talakawa masu cefane suka kwana a ciki. Kuma da irin wannan hujjar ta "ai masu garkuwa da mutane ne" aka ƙone mafarautanmu 16 a Uromi ta jihar Edo a 2025. Ranar kowa ya nemi a yi shari'a.

A Janairun 2025 kotun tarayya a Abuja ta ayyana Lakurawa a matsayin 'yan ta'adda. To, gwamnati ta kai sojoji Gudu da Isa su zauna, wanda aka kama kuma a gurfanar da shi gaban alƙali mu ji.

Naka,
Wani mai karatu daga Mabera, Sakkwato