Magidanta, Ku Ba Mu Kuɗin Awo Tun Kaya Na Araha

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da magidanta. Ni malamar firamare ce a Zariya, mu tara ne a gida har da surukata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk inda mace ta juya nasihar ɗaya ce: ku yi tattali. To, mun ji. Amma wadda ake miƙa wa kuɗin cefane kullum safiya, ta aiki yaro ya sayo man gyaɗa ƙulli ɗaya, omo ƙulli ɗaya, tumatir kashi ɗaya, me za ta tattala? Kowane ƙulli da ribar mai shago a cikinsa, kuma mu ke biya.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa wanki da ɗanyen sabulu ba. In an sayo sanda, sai ta yayyanka, ta jera a saman taga mako biyu har ya yi tauri, ba ya narkewa da wuri a ruwa. Guntayen da suka rage ta tara su cikin tsohuwar safa, a yi wanke-wanke da su. Har yau haka nake yi. Sai dai wanda ya sayi sanda ne zai iya shanyawa. Mai sayen guda ranar wanki ba shi da wannan zarafin.

Haka tumatir. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, kwando yakan faɗi warwas, wani ma ya ruɓe a hannun manomi. Da ruwa ya sauka kuma, sai ya gagari talaka. Bara na roƙi maigidana ya haɗa mini kuɗin kwando biyu a lokaci guda. Ya yi jim, amma ya bayar. Ni da 'ya'yana mata muka yanka, muka baza a tabarma bisa benci don gudun yashi da kaji, muna kwashewa da magariba. Wannan kauɗar da busasshen tattasai su suka riƙe mana miya har tsakiyar damina.

Wake ne ya fi damuna. Na taɓa asarar kwano shida, na buɗe buhu na tarar ƙwari sun huda shi ya koma gari, ranar har hawaye na yi. Wata maƙwabciya ta ce in zuba masa fiya-fiya. Don Allah mata mu daina wannan. Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma cikin 'ya'yanmu za ta shiga. A shanya wake sosai, har in an ciza ya ce ƙas. A ɗura a jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba, a cika ta har wuya, a sa leda a ɗaure murfi tam. In babu iska, ƙwarin mutuwa suke yi. Ranar dafawa kuma a jiƙa shi tun dare, gawayin da zai ci ba zai kai na da ba.

Na san ba kowane magidanci ke da kuɗi a dunƙule ba, mai facin taya ko ɗan acaba abin da ya samu yau shi zai ci. Amma mai albashi, da mai zubin adashi, ya daure ya sa kwasarsa ta faɗo a kaka, ya tambayi uwargida abin da za a auna kafin ya tafi kasuwa. Ita ta san kwano nawa gidan ke ci a wata.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wata malamar firamare,
Zariya