Zuwa ga ɗana, kan laburaren da kake son sayarwa

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya iyali? Mamanka na gaishe ka.

Na kwana da maganar da ka min a waya, cewa laburaren nan da ka rubuta na buga rasit a injin POS, wato kod ɗin da wasu za su ɗauka su saka cikin manhajarsu, za ka fara sayar wa masu haɗa manhaja, kuma kana so ka sa masa kulle ya riƙa tuntuɓar sabarka, kwamfutarka da ke kan intanet, duk sanda aka kunna. Don Allah kar ka yi haka. Kayanka ba a hannun wanda ya saya zai tsaya ba, shi cusa shi zai yi cikin app ɗinsa ya raba wa 'yan POS, ranar da sabarka ta faɗi ko sabis ya ɗauke mai shago ne zai tsaya ga kwastoma a gabansa rasit ya ƙi fita, alhali bai ma san da zamanka a duniya ba. Ni na gani da idona, lokacin ina aiki mun sayi wata manhaja mai ɗan makulli da ake sokawa a bayan kwamfuta wajen igiyar firinta, ranar da ya lalace sati biyu muna zaune, mu da muka biya kuɗinmu, masu kwafin sata kuwa suna ta aikinsu. Har yau abin na min ciwo.

Ka hargitsa kod ɗin da ProGuard, manhajar da ke sa kod ya yi wuyar karantawa, in kana so, ka ba da lambar lasisi mai sa hannu wadda ake tantancewa ko babu intanet, ya wadatar. Da yaren Java ka rubuta shi, wanda ya yi niyyar buɗewa zai buɗe.

Inda nake so ka zauna ka nutsu shi ne takardar lasisin. Kuɗin na kowane mai rubuta kod ne ko na kowace manhaja? In shekara ta cika bai sabunta ba fa? Ni dai a ganina abin da ya riga ya saya ya ci gaba da aiki, gyara da sabon fitowa kawai zai rasa, haka ake riƙe abokin ciniki. Ka duba yadda masu laburaren Qt suke yi, abu ɗaya lasisi biyu, akwai na kyauta ƙarƙashin LGPL da GPL, lasisin buɗaɗɗen kod, da sharuɗɗansu, wanda bai iya sharuɗɗan ba ya biya na kasuwanci. Masu laburaren iText ma haka, tun da suka koma lasisin AGPL duk kamfanin da ba ya son buɗe kod ɗinsa sai ya sayi lasisi.

Sannan ka binciki naka cikin, in ka ɗauko kod mai GPL ka zuba ciki ba ka da ikon rufe shi ka sayar, mai lasisin MIT kuma ka bar sanarwar mai shi yadda take, haƙƙin mutane ne.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi manhaja, to ka samu lauya ya duba takardar kafin ka karɓi ko kwabo. Ka turo min ita ni ma in karanta kafin Juma'a.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka.