Bayanin kwamitin gyaran ɗakin ɗinki ga masu tambayar ina kuɗi suka shiga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka sake buɗe ɗakin ɗinkinmu na Tudun Wada maganganu ke dawo mana, wai an tara kuɗin rufi da fenti, sai ga kabad a tsaye. Gara mu faɗa da bakinmu, kafin zancen ya gama zaga gidajen biki.

Kun san mafarin aikin. Ruwan Agusta ya zubo kan ƙunsoshin gasar musayar ƙyalle da muke yi don ɗinka 'yan tsana, atamfa ta zuba a jikin farar shadda, audugar da muke cusa wa 'yan tsana ta yi funfuna. Aka zauna, aka amince a sauya kwano a yi fenti.

Ranar da kafinta ya yaye tsohon kwanon ne lissafi ya rushe. Gara ta cinye katakon, da yatsa ma sai ya burme. Ba mai hankalin da zai buga sabon kwano a kan wannan. Dole muka sayi katako, aka shafe shi da baƙin mai, kuɗin fenti suka tafi nan.

Sai kabad ɗin ƙarfe, wanda shi ne abin surutu. Wasu sun ce me ya hana a sa kwali ko buhu kamar da. To ai a buhun ne ɓeraye suka yi gida. Tsarin gasar shi ne kowacce ta kawo ƙunshinta, a yi ƙuri'a, ta ɗinka 'yar tsana da abin da ya faɗo mata. Kafin ranar ƙuri'a kayan mutane amana ne a hannunmu, wani guntun leshin ma na lefen mai shi ne, ba a samun irinsa a kasuwa. Mu uku muka je Panteka, muka taya wurin masu walda huɗu, muka ɗauki mai sauƙi. Rasit yana wurin ma'aji, wadda ke so ta zo ta duba, ba fushi.

Godiya ta musamman ga Hajiya uwar ƙungiya, wadda ta ɗauki nauyin bandir guda na kwano ba tare da an roƙe ta ba, har da abincin ma'aikata. Allah ya ƙara arziki, ya raya zuri'a. Haka Alhaji mai gidan da ya yafe mana hayar watannin aikin, da telolin Kasuwar Barci da suka cika mana buhu da ƙyallaye bayan asarar. Allah ya saka da alheri.

Amma fa aiki da saura. Ƙasan ɗakin ba daɓe, danshi na tasowa har ƙafar kekunan ɗinki ta fara tsatsa, taga ɗaya kuma leda ce ke rufe da ita. Fentin ma yana nan yana jira. Mai buhun siminti, mai kuɗin yashi, don Allah a miƙa wa ma'aji kafin damina ta kama, saboda sai an yi daɓen za mu sa ranar musaya ta gaba.